Tambaya da Amsa: Yadda ake ziyartar Mertola daga Lisbon

Tambaya: Ina karatu a Lisbon. Na ji an ce akwai wani ƙaramin gari a kudancin Fotugal wanda cocinsa asali masallaci ne. Wane gari ne, kuma yini ɗaya zai ishe ni? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Malam, garin Mertola ake nufi. Yana kan tudu a bakin kogin Gwadiyana, kimanin kilomita 50 kudu da birnin Beja. Jirgin ƙasa ba ya zuwa can, sai motar safa, ita ma ba ta da yawa a yini. Don haka shawararmu ka kwana, domin wanda ya ce zai je ya dawo rana guda, a hanya rabin yininsa zai ƙare.

Ka fara da cocin, da safe. An gina shi a matsayin masallaci a ƙarni na 12, zamanin Muwahhidun, daular Musulmi da ta mulki Maroko da Andalus. Da Kiristoci suka karɓe garin a 1238, lokacin Sarki Sancho na Biyu, ba su rushe ginin ba, suka mai da shi coci. Mihrabin yana nan har yau a bangon alƙibla, bayan teburin ibada, kuma baƙi da yawa kan fita ba su lura da shi ba. Ka duba ƙananan ƙofofi huɗu masu baka irin na ginin Andalus. Amma wurin ibadar Kiristoci ne a yanzu, ka yi sallarka a masauki.

Daga nan ka haura zuwa tsohuwar ganuwar tsaro da ke saman tudun. Hasumiyarta ta 1292 ce, kuma a gabanta akwai mutum-mutumin Ibn Ƙasi a kan doki, malamin Sufaye da ya kame garin a 1144. Gefe kaɗan kuma kangayen unguwar Musulmi ne, waɗanda aka fara tonowa a 1978. Tukwane da kwanukan da aka samu suna gidan tarihin fasahar Musulunci, can gangare wajen kogi.

Abin da ke ɓata wa mutane tafiya shi ne zuwa ranar Litinin, lokacin gidajen tarihi a rufe suke, ko zuwa a Yuli da Agusta da zafi kan kai digiri 40. Titunan na dutse ne masu gangara, ka sa takalmi mai riƙe ƙasa. Abincin yankin kuwa naman alade da kitsensa sun yi masa yawa, har cikin miya, sai ka tambaya kafin ka ci, ko ka tsaya ga kifi gasasshe.

In da hali, ka daidaita tafiyar da bikin al'adun Musulunci da garin ke yi a watan Mayu duk bayan shekara biyu, ka kuma kama ɗaki tun da wuri.