Gwajin taki a fadamar Argungu: ANOVA ko rigireshan?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aikin gona ne a Argungu. Na shuka shinkafa FARO 44 a fadama, na gwada takin yuriya mataki huɗu: babu ko kaɗan, sai kilo 40, 80 da 120 na naitirojin a hekta, kowane mataki a fangali huɗu. Da ANOVA zan auna amfanin ko da rigireshan?

Amsa: Ƙanena, ANOVA da rigireshan hanyoyin lissafi ne na auna sakamakon gwaji, kuma duka biyun za ka yi, amma ka fara duba yadda ka raba fangalan. Fadama ba ɗaya take ba. Bakin kogi ya fi laima da laka, tudu kuwa nan da nan yake bushewa. In ka jera fangalan kilo 120 duk a bakin ruwa, ba za ka taɓa sanin taki ne ya cika buhu ko laima ba, kuma babu kwamfutar da za ta raba maka wannan gardama. Abin da ya dace shi ne a yanka gona rukuni huɗu daga bakin ruwa zuwa tudu, kowane rukuni ya ɗauki matakan huɗu, a jefa ƙuri'a wajen raba su. Ronald Fisher ne ya kafa wannan tsari a tashar binciken noma ta Rotamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919.

In haka ka yi, ANOVA zai raba bambancin fangala 16 ɗin gida uku: na taki, na rukuni, da ragowar da babu mai bayaninsa. Darajar 'yancinsu 3 ce, 3, da 9, wato adadin da ake raba bambancin kowane gida da shi a sami matsakaicinsa. Sai a raba matsakaicin na taki da na ragowa, a sami adadin da ake kira F, daga shi a fitar da ƙimar p, wato yiwuwar ganin irin wannan bambanci ko da takin bai yi komai ba. Idan ƙimar p ta gaza 0.05, da wuya a ce dace ne kawai ya kawo bambancin. Kada ka ƙirga damin da ka yanka a fangali ɗaya a matsayin maimaicin gwaji. Fangali ɗaya awo ɗaya ne. Wannan kuskuren yana yawan ɓata aikin ɗalibai, kuma abin yana damuna.

Sai dai ANOVA yana kallon 40 da 80 kamar sunaye ne kawai, alhali adadi ne. Nan rigireshan ke shigowa, ya nuna yadda amfani ke tashi da ƙarin taki. Shinkafa kan ƙaru da farko, daga baya ta lafa, in naitirojin ya yi yawa ma ta kwanta. Don haka ka gwada layi mai lanƙwasa, kada ka tsaya ga miƙaƙƙe, kuma kada ka yi hasashen abin da ya wuce kilo 120 tunda ba ka gwada ba.

Wajen rubuta sakamako ka mayar da adadin takin buhu. Yuriya kashi 46 cikin ɗari ne naitirojin, wato kilo 120 na naitirojin ya kai buhu biyar na yuriya masu kilo 50 da ɗan ɗori, kuma da wannan ne manomin Argungu zai auna aljihunsa.