Tambaya da Amsa: Abincin Tallafi da Tamowar Yara Bayan Ambaliya

Tambaya: Ɗana mai wata goma sha huɗu ya rame. A asibitin garinmu an auna damtsensa, an ce ya shiga ja, aka ba ni ledojin abincin tamowa na sati guda. Yayyensa uku suna kuka idan yana sha, shi ya sa nake dama musu a kunu kowa ya samu. Sati uku ke nan bai ƙara nauyi ba. Ina matsalar take? Daga wata uwa a Gamawa.

Amsa: Malama, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba shi lafiya. Babu uwar da za ta ji daɗin ciyar da ɗaya uku suna kallo. Amma matsalar tana cikin rabon nan da kuma damawar.

Abin da aka ba ki, wanda ma'aikata ke kira RUTF, magani ne da aka yi shi da siffar abinci. Kowace leda giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, an haɗa ta da gyaɗa, garin madara, mai, sukari da sinadaran gina jiki. Da nauyin yaro ake lissafa adadin: mai kilo 7 yakan samu leda biyu zuwa uku a rana. Idan kika raba wa yara huɗu, mara lafiyar kashi ɗaya cikin huɗu na maganinsa ya samu, kuma wannan ba zai tayar da shi ba.

Damawa ma tana da nata lahanin. An yi shi babu ruwa a ciki don kada ƙwayoyin cuta su hayayyafa. Da zarar ya shiga kunu ya ɗan jima a kwano cikin zafi, sai ya koma abin kawo gudawa, gudawa kuwa ita ke cinye ɗan naman da yaro ya fara tarawa. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu, ki murza ledar har man da ya taso ya haɗe, ki yage gefe ɗaya, ya riƙa tsotsa kaɗan-kaɗan. Idan yana shan nono, nono ne farko. Ki ajiye tafasasshen ruwan da ya huce kusa da shi, domin abin yana sa ƙishirwa sosai. Ki ba shi lokacin da yayyen suke makarantar allo ko wajen wasa.

Jan da aka gaya miki launi ne a jikin tef ɗin awo, yana nufin kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne, sama da haka kore. Ba a sallamar yaro sai ya kai kore, kuma jinyar takan ɗauki sati shida zuwa takwas, don haka kada ki fasa zuwa awo ko da kin ga ya fara wasa. Ki gaya wa ma'aikaciyar gaskiyar abin da ya faru, ta kuma auna yayyen da ba su kai shekara biyar ba. Sannan ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku a hankali. Idan ramin ya zauna bayan kin ɗaga, ko ya ƙi cin abincin sam, ko yana amai, zazzaɓi ko saurin numfashi, kada ki jira ranar awo. Irin wannan yaron kwantar da shi ake yi, a fara masa da madarar jinya ta musamman da ake kira F-75, domin jikinsa ba zai ɗauki abinci mai ƙarfi ba tukuna.

Tambaya: Bayan ruwa ya ci garinmu an raba buhun masara ɗaya ga kowane gida. Gidanmu mutum goma sha bakwai ne, maƙwabcina su huɗu. Shin akwai ma'auni a aikin nan kuwa? Daga wani magidanci a Jama'are.

Amsa: Akwai, Malam. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji irin su WFP, hukumar samar da abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke lissafi da shi kalori 2,100 ne ga mutum ɗaya a rana. A kwano, hakan na nufin kusan giram 450 na hatsi, giram 60 na wake, giram 30 na mai da giram 5 na gishiri. Gida mai mutum shida ke nan yana buƙatar kilo 81 na hatsi a wata, wake kusan kilo 11, mai wajen lita shida. Buhu mai kilo 50 a gidanku kwana shida ne da ɗoriya, maƙwabcinka kuwa zai kai shi kusan wata. Ga kuɗin niƙa da itace da ba a sa a lissafi ba, wanda shi ke tura mutane sayar da wani ɓangare na tallafin a kasuwa.

Tun wurin rajista ake yin kuskuren, idan aka ƙirga ƙofar gida maimakon bakin da ke ci. A ganinmu daidai shi ne a rubuta kowace tukunya da yawan masu cinta, a rubuta kowace mata da 'ya'yanta daban, a karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar mai unguwa kafin ranar rabo, kuma a sa mata cikin kwamitin rabon. Zawarawa, tsofaffi da masu lalurar da ba sa iya turmutsutsun layi su ne suka fi faɗuwa daga takarda. Ku rubuta kokenku da sunaye da adadi, ku kai ta hannun hakimi zuwa ƙaramar hukuma da SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Tallafi kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wani abu daga mace kafin ya sa sunanta, a kai ƙararsa.

Tambaya: Dawarmu ta jiƙe a rumbu, ta fara furfura. Idan muka wanke muka shanya za ta ciwu? Daga Nafada, jihar Gombe.

Amsa: Wadda ta yi furfura, wato funfuna, ta canza launi ko tana warin ruma, a binne ta. Furfurar nan tana fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wanki da dahuwa ba sa kawar da ita, kuma idan shanu suka ci tana biyo madara. Wadda ta jiƙe kawai a baza ta nan take a kan tamfol, ba a ƙasa ba, ana juyawa. Gwajin bushewa mai sauƙi ne: a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bari ya ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da saura. Idan bai manne ba, a zuba a buhun adana hatsi na PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango.