Ka fizge allon mai wa'azi, yanzu kuma kawu na ta zuga ka

Wani ƙanenmu da ke digiri na biyu a wata jami'ar gwamnati a Amurka da bizar ɗalibai ta F-1 ne ya rubuto hankali a tashe. Wai wani mai wa'azin Kirista ya tsaya tsakar makaranta da lasifika da allo yana zagin Musulunci, zuciya ta ɗebe shi ya fizge allon ya ture mutumin. 'Yan sandan makaranta sun ba shi takardar zuwa kotu, kwamitin ladabtarwa ma ya kira shi, bidiyon kuma ya kai gurup ɗin gidansu na WhatsApp. Kawu ya ce kar ya kuskura ya ba da haƙuri, ya taho gida hutu a yi masa walima. Ga wani ejan yana neman dala 2,000 zai "goge" maganar.

Toh ƙanena, sannu. Abin da ya sa 'yan sanda suka bar shi suka kama ka, gyaran farko na kundin tsarin mulkinsu ne, ya hana gwamnati toshe bakin mutum don maganarsa ta yi ɗaci, kuma jami'ar gwamnati ai gwamnati ce. A 2011 Kotun Ƙoli ta ba 'yan cocin Westboro gaskiya alhali a kusa da jana'izar soja suka je suna ɗaga allunan cin mutunci. A 2021 kuma wani ɗalibi Chike Uzuegbunam, wanda kwalejin Georgia Gwinnett ta hana wa'azi, ya yi nasara a wannan kotun, shi ya sa makarantu ke tsoron taɓa irin waɗannan masu wa'azin. Sana'a ce tsohuwa, wani mai wa'azi Jed Smock ya yi shekaru wajen hamsin yana zaga jami'o'i kafin ya mutu a 2022, kuma ba Musulmi kaɗai suke zagi ba, 'yan mata, 'yan Katolika, kowa na shan nasa, ɗaliban Kirista da yawa ma haushinsu suke ji. Suna zuwa da kyamara don irin abin da ka yi suke jira.

Ture mutum ƙaramin laifi ne a yawancin jihohi, ba shi ne zai kore ka kai tsaye ba. Inda nake ji maka tsoro shi ne bakinka da sa hannunka daga yau. Za a iya ce maka amsa laifi kawai ka biya tara ka wuce, ko ka shiga wani shiri daga baya a kori ƙarar, amma a dokar shige da fice in ka amsa laifi gaban alƙali aka ɗora maka wani sharaɗi, ana iya lissafa shi a matsayin hukunci ko da kotun jiha ta share daga baya. Tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya faɗa wa baƙo illar amsa laifi ga takardunsa, don haka ka tambaya ƙarara kar ka ji kunya. Ka duba ko makarantarku na da ofishin lauyoyin ɗalibai, manyan jami'o'i da dama suna da shi kyauta.

Kwamitin ladabtarwan nan ma kar ka raina shi. In suka dakatar da kai ba ka cikin aji, DSO, wato jami'in makaranta mai kula da takardun ɗalibai baƙi, zai rufe maka SEVIS, rajistarka ta ɗalibi a kwamfutar gwamnati, I-20 ɗinka, takardar makaranta da zamanka na ɗalibi ya dogara a kanta, ta zama takarda kawai. Kuma abin da ka faɗa can zai iya biyo ka kotu, saboda haka ko wasiƙar ban haƙurin kar ka rubuta da kanka cikin dare ka tura, lauya ya fara gani. Haƙuri kam za ka bayar, amma ta hannunsa. Ranar kotu kuma ko ana ruwan ƙanƙara ka je, rashin zuwa ya fi turin muni.

Ejan ɗin nan ɓarawo ne, ban da wata kalma. Babu mai goge sunanka daga kwamfutar 'yan sanda da waya. Na ga wanda irinsu suka karɓe wa kuɗi suka ce ba sai ya je kotu ba an gama, sai sammacin kamu ya biyo baya. Na ga wanda aka tsara wa labarin ƙarya wai ya canza addini danginsa za su kashe shi don ya nemi mafaka, in alƙali ya tabbatar da gangan ka shirya ƙaryar an rufe maka ƙofar takardu har abada. In ba lauya mai lasisi ba ne ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi, kar ka ba shi ko sisi.

Maganar kawu kuwa, da girmansa da komai, ban goyi bayansa ba. Yana zaune a gida yana tura maka kirari, shi ne zai biya lauyan? Filin da aka sayar aka turo ka karatu shi zai dawo da shi? Su da suka ga bidiyo na minti ɗaya sun mai da kai gwarzo, gobe in aka sako ka a jirgi ba digiri su ne za su fara cewa dama yaron akwai zafin kai. Kuma wa ya ce abin da ka yi shi ne kishin addini? Suratun Nisa'i aya ta 140 cewa ta yi in ka ji ana izgili da ayoyin Allah kar ka zauna tare da su, tashi aka ce ka yi, ba a ce ka kai hannu ba. Ka kira Baba ko Hajiya kai tsaye ka yi musu bayani, su za su san yadda za su yi da kawu, kuma ka roƙi 'yan gurup su daina yaɗa bidiyon, tun Yunin 2025 ofishin jakadanci ke sa ɗalibai su buɗe shafukansu na sada zumunta a duba.

Hutun nan dai kar ka taho. Za a iya soke biza saboda kamu ko ba a yanke hukunci ba, kana ciki da SEVIS mai rai karatunka na tafiya, amma in ka fita sai ka nemi sabuwa, fom ɗin neman biza na DS-160 zai tambaye ka ko an taɓa kama ka, kuma a Yulin 2025 an mai da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata 3 shiga ɗaya. Ka zauna har a rufe shari'ar, sannan ka karɓi kwafin takardar kotu mai hatimi da ke nuna yadda aka ƙare ka adana, za a riƙa tambayarka ita duk lokacin da ka je neman biza.