Amsa ga mai son sayar da gida ya shiga kasuwanci

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ya yi yana so ya ajiye aiki, ya sayar da gidan da yake ciki, ya zuba kuɗin a kasuwancin da wani abokinsa ya kawo masa, kuma abokin ya ce kafin mako ya fita yake son amsa. Shi ne yake tambaya, wai tsoro ne ya riƙe shi ko hankali ne.

To ni dai abin da na ji, abu uku ka haɗa wuri ɗaya kana kiransu shawara ɗaya. Shiga kasuwanci daban, barin aiki daban, sayar da gida daban. Kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan ka sa kuɗin da kake iya jure asararsu, kasuwa ta ƙi, za ka ji zafi, ka warke. Aiki in ka bari, da wahala, amma ana samun wani. Gidan nan kuwa, in ya tafi kuma kuɗin suka narke, a ina za ka tsaya ka sake farawa? Da iyali fa.

Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, ya yi wannan bayanin a wasiƙarsa ta 2015 ga masu hannun jari. Ya ce shawara iri biyu ce. Akwai ƙofar da in ka shiga ba ka ji daɗi ba, sai ka juyo ka fito. Akwai wadda in ka shiga ta rufe ke nan. Ta farkon a yi ta da sauri, ta biyun a yi ta a tsanake, da shawara. Har ma ya koka da masu ɗaukar kowace ƙofa kamar ta biyun, sai su kasa motsi. Ka ga ba cewa nake ka zauna kana tsoron komai ba.

Mu ma da karatunmu mun san wannan. Dubi saki. A Suratul Baƙara, aya ta 229 da 230, saki na ɗaya da na biyu akwai kome, ga idda, wato an ba mutum lokaci zuciya ta huce. Na uku kuwa babu kome sai ta auri wani. Ba a bar mutum ya isa inda ba dawowa da taku ɗaya ba. Kuma hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa alƙali kada ya yi hukunci yana cikin fushi. Ni a ganina zumuɗi ma haka yake, shi ma yana rufe ido.

Shi ya sa maganar mako ɗayan nan ta fi komai tsaya mini a rai. Me zai lalace in an ƙara wata guda? Kasuwancin da zai riƙe ka shekara goma amma ba zai iya jiranka kwana talatin ba, eh to, ni ina da tambaya a kansa. Ban ce abokinka macuci ne ba, ban san shi ba. Mutumin kirki ma yana ruɗuwa da lissafinsa.

Sai lissafin kansa, don mutane suna kallon riba su manta da wannan. In ka yi asarar rabin jarinka, ba ribar kashi 50 cikin ɗari za ta mayar da kai inda kake ba, sai ka ninka abin da ya rage, kashi 100 ke nan. In ka rasa kashi 90, sai ka ninka ragowar sau goma. In ka rasa duka, babu abin ninkawa. Sannan ka ce mini ai damar nasara tara ce cikin goma. Na yarda. Amma wanda ya saba sa duk abin da ya mallaka a irin wannan, in ya maimaita sau bakwai, yiwuwar ya karye a ɗaya daga ciki ta haura rabi. Ka lissafa da kanka. Saboda haka tambayar farko ita ce, in abin ya zo da mafi muninsa, ina iya tashi?

Kada kuma in yi maka rowar ɗaya ɓangaren. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Gilovich da Medvec, sun yi bincike a shekarun 1990, suka ga nan kusa mutum ya fi cizon yatsa kan abin da ya aikata, amma in shekaru suka ja, abin da bai gwada ba shi ya fi damunsa. To ka ga zama ma yana da nasa da-na-sanin. In kasuwanci kake so, ka yi, wallahi ina goyon bayanka.

Sai dai ka warware ƙullin. Ka shiga da abin da ka tara, kana riƙe da aikinka, ka ga yadda kuɗi ke shiga da fita na wasu watanni. Ka nemi ganin littafin cinikinsa da idonka, ba a baki ba. A rubuta yarjejeniya da shaidu: rabon riba, wa ke ɗaukar asara, da yadda mutum zai cire hannunsa in yana son fita. Kuma don Allah kada ka tsaya wa kowa a kan bashi da takardun gidan nan, wannan da sayarwa duk kanwar ja ce. Ka zauna da maiɗakinka tun yanzu, gidan da ita ake zaune a ciki. Ka yi istihara.

Gobe ka kira abokin ka ce kana son wata ɗaya da ganin littattafai, ka saurari yadda zai amsa. Duk yadda kuka yi ka kira ni, ba sai a nan ba. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri.