Tambaya da Amsa: Ina Ganuwar Katsina Ta Shige?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, an haife ni a wata sabuwar unguwa da ke kan hanyar Dutsin-ma, nan kuma na tashi. Duk ranar da kakana zai je ta'aziyya Rafindaɗi ko gaisuwa Ƙofar Soro sai ya ce zai shiga birni, alhali ni a ganina cikin birnin muke. Da na tambaye shi, sai ya ce ganuwa ce iyaka. Ina ganuwar take, wa ya gina ta, kuma ƙofofinta nawa ne? Abokina ya ce bakwai ne, ni kuwa na ce sun fi haka.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kakanka yana kan gaskiya, domin a asalin Hausa ba yawan jama'a ko tsawon benaye ne ke sa a kira gari birni ba, ganuwa ce. Wanda ke cikinta ɗan birni ne, wanda ke bayanta kuwa yana waje, ko da tsakaninsa da ƙofa bai wuce taku goma ba. Unguwarku, a idon wanda ya san wurin tun yana gonakin gero da dawa, waje ce, kuma ba zai sauya baki don an kawo kwalta da wutar lantarki ba.

Game da gardamarku, abokinka ya fi ka kusa da abin da aka saba ƙidayawa. Ƙofofin da Katsinawa ke lissafawa su ne Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. Ina jin abin da ya ruɗe ka shi ne Ƙofar Soro, wadda ba ta ganuwa ba ce, ƙofar fada ce da ke gaban Gidan Korau, sai kuma wuraren da aka huda daga baya domin mota ta wuce. Idan ka lura za ka ga huɗu daga cikin sunayen nan sarautu ne, wato Ƙaura, Durɓi, 'Yanɗaka da Marusa, kuma har yau ana riƙe da su a masarauta: Ƙauran Katsina yana Rimi, Durɓi yana Mani, 'Yanɗaka yana Dutsin-ma. Ta Ƙofar 'Yanɗaka ce Lugga, jagoran Turawan Ingila, ya shigo da sojojinsa a 1903.

Ganuwa irin wannan ba aikin sarki ɗaya ba ce, ba kuma ta rani ɗaya ba. Masana tarihi suna danganta ƙarfafa ta da faɗaɗa ta ga Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16, bayan zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko. Da jar ƙasa aka yi ta, kuma ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe, saboda haka idan damina ta wuce sai a yi gayya, kowace unguwa da kowane mai sarauta su gyara ɓangarensu. Ramin da aka haƙi ƙasar ya zama gwalalo a bayanta, wanda shi ma kariya ne daga dawakin abokan gaba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin ganuwar nan shi ne yadda al'amari ya juye. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka Katsina a 1851, ya sake dawowa a 1853. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, wato fiye da kilomita 20, amma ya tarar mutanen da ke ciki ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba, sun taru a kusurwa guda, sauran filin kuwa gonaki ne da kufai. Yaƙin da aka daɗe ana gwabzawa da Maraɗi ya sa manyan fatake sun kwashe dukiyarsu sun koma Kano. A lokacin nan ganuwa ce ta yi wa gari yawa, kamar yaro a cikin rigar ubansa. Yau kuma gari ne ya yi wa ganuwa yawa, musamman tun daga 23 ga Satumba, 1987, ranar da aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, garin ya zama babban birnin jiha. Ma'aikata suka dawo gida daga Kaduna, aka gina sakatariya da gidajen gwamnati, daga baya jami'o'i suka biyo, har ta kai yanzu mai tafiya ba ya gane inda Katsina ta ƙare Batagarawa ta fara sai ya ga allo.

Ka tambayi inda ganuwar ta shige. Mafi yawanta, ɗana, tana cikin katangun gidajen mutane. Da Turawa suka zo yaƙi ya ƙare, sai gayyar yaɓe ta mutu, ruwa ya riƙa zaizayar ta shekara bayan shekara. Ina yaro na sha ganin masu jakai da sassafe a gindinta, mutum ya kafa diga ya ɓanɓaro ƙasa, ya cika mangala, ya kora jakinsa zuwa inda ake buga tubali, kuma babu wanda ke ganin ya yi laifi, don a wurinsu ƙasa ce mai kyau wadda ba ta da mai ita. Mu kuma yara muna hawa tudun da ya rage muna gangarowa a kan kwali. Bayan masu jakai sai masu filaye suka zo, aka cike gwalalon da shara, aka yanka fuloti. A nan ina da ƙorafi a kan hukuma da mu kanmu, domin an kashe kuɗi an sake gina ƙofofi da siminti, an yi musu ado, amma bangon da ya sa suka zama ƙofofi an bar shi ya narke. Shi ya sa yaron yau in ya ji Ƙofar Ƙaura, abin da ke zuwa masa a rai shi ne shagunan waya da cunkoson Keke Napep. Shawarata ita ce ka ɗauki kakanka a babur ranar da yake da sukuni, ku bi daga ƙofa zuwa ƙofa, ya nuna maka inda bangon ya bi, kai kuma ka kunna wayarka ka naɗi maganarsa, da sunayen kududdufai da itatuwan kuka da ya sani a hanya.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce a Ƙofar Guga. Mun je biki Maraɗi, sai na ji maroƙa suna kiran sarkinsu Sarkin Katsina. Kuskure ne ko da dalili?

AMSA: Ba kuskure ba ne, 'yata. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar Haɓe, zuriyar Korau, suka yi arewa da jama'arsu, kuma bayan 'yan shekaru Ɗan Kasawa ya kafa musu sabuwar hedikwata a Maraɗi. Ba su ɗauki kansu baƙi a sabuwar ƙasa ba, sun ɗauka su ne sarakunan Katsina da aka raba da gidansu, shi ya sa suka tafi da sunan da sarautun fada gaba ɗaya, suka kuma shafe shekaru masu yawa suna kawo hari don su komo. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ce ta bar su a Nijar. A nan gida kuma sarauta ta zauna a gidan Dallazawa har 1906, sa'ad da Turawa suka naɗa Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda a da shi ne Durɓi. Ya yi mulki har 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman. Kirarin da kika saba ji na Katsina ta Dikko daga nan ya samo asali.

TAMBAYA: Malam, malaminmu ya ce Kwalejin Barewa ta Zariya a Katsina aka haife ta. Haka ne?

AMSA: Haka ne. An fara ta a 1921 da sunan Kwalejin Katsina, domin horar da malaman makaranta, kuma Gwamna Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga can kuma Zariya a 1949. Tsohon gininta na ƙasa yana nan, shi ne gidan adana kayan tarihi na Katsina a yau, kuma duk ɗalibin da ya je zai iya shiga ya ga azuzuwan da idonsa.