Amsa: Hostel ko haya a Samaru?

Ƙanwata, tunda kin samu gurbi a ABU Zariya kina tambayar inda za ki zauna, ni dai shawarata ki fara da hostel. Mata na da Amina da Ribadu, maza kuma Danfodiyo da ICSA/Ramat. Da zarar kin biya kuɗin makaranta, ki dinga leƙa shafin jami'a, don gado ba ya jiran kowa. Ɗakin a cike yake, gaskiya, ga layin bokitai a bakin famfo da asuba, amma ga arha, ga tsaro, aji kuma da ƙafa za ki je. Hayar Samaru ko Hayin Dogo sai kin san gari tukuna. Can kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ruwa da wuta kuma a wuyanki. Ki taho da kwaɗo mai ƙarfi da gidan sauro.