Umra da iyali: ina za mu sauka kada kuɗinmu su ƙare a otal?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kumasi, ina zaune a Aboabo. Na daɗe ina tara kuɗi don in kai mahaifiyata Umra, tare da maiɗakina da yaranmu uku. Mma tana fama da ciwon gwiwa. Da ejan ya ba ni lissafi, sai na ga kuɗin otal na neman kamo kuɗin jirgi. Akwai masauki mai sauƙi da zai ɗauke mu mu shida, ko in bar yaran a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya cika maka wannan buri, ya sa Mma ta ga Ka'aba da idonta. Kada ka yi saurin ajiye yaran. A tafiyar iyali, gadon yaro ba shi ne ke cin kuɗi ba. Masu cin kuɗin su ne watan da kuka zaɓa, da unguwar da kuka sauka, da abincin baki shida sau uku a rana.

Fara da watan. Ɗaki guda a Makka farashinsa na iya ninkawa sau da yawa tsakanin Safar da goman ƙarshe na azumi. Hutun Disamba ma da tsada, domin a lokacin ne gari ke sanyi kuma makarantun ƙasashe da dama ke hutu. Araha tana bayan Hajji, a Muharram da Safar. Sai dai a 'yan shekarun nan watannin biyu suna faɗowa ne a tsakiyar zafin Saudiyya, inda rana ke wuce digiri 40, don haka ɗawafin Mma sai da dare ko bayan Asuba.

Batun unguwa kuwa, a nan nake so ka tsaya ka natsu. Otal-otal ɗin da ke bakin harabar Harami, irin na dogon benen agogo, ka cire su daga lissafi. Abin da ya rage kashi biyu ne: inda ƙafa ke kaiwa, da inda sai an hau bas. Na ƙafa su ne Misfala, ta titin Ibrahim Khalil, da Ajyad. Misfala na fi so maka, domin hanyarta shimfiɗaɗɗiya ce, ga gidajen abinci masu sauƙi, kuma ba za ka yi nisa ba ka ji ana Hausa. Ajyad akwai hawa. A shafin intanet za a rubuta maka mita 600 zuwa Harami, ba za a gaya maka rabinsu tudu ne ba, kuma mai ciwon gwiwa a dawowa take gane haka. Na bas su ne Kudai, Mahbasul Jinni da Aziziyya. Sun fi araha sosai, ɗakunansu sun fi yalwa, kuma da yawansu suna da bas na kyauta zuwa kusa da masallaci. Amma bas ba ya ajiye mutum a ƙofar Harami, sai an taka daga tasha. Ana kuma rufe hanyoyi dab da sallah, bayan Isha'i kuwa layin shiga mota kamar na turoturo ne a Kejetia da magariba.

Ga misali, ba farashin yau ba. A ce ɗakin Aziziyya riyal 150 ne, na Misfala 280. Idan Mma ta kasa jure layin bas, kuka koma tasi sau huɗu a rana a kan riyal 30, ka kashe 120, ka ga ribar ta koma riyal 10, ga wahala a kai. Araha ba ta ado. Idan kasafinka ya tilasta maka unguwar bas, to ku tsara wunin: ku tafi kafin La'asar, ku zauna a masallaci har Isha'i, tafiya ɗaya dawowa ɗaya. Ka kuma sayi keken tura marar lafiya mai naɗewa tun daga Kumasi. Kamfanonin jirgi galibi ba sa cajinsa, kuma shi zai sa otal mai ɗan nisa ya yiwu.

Ku shida ba kwa buƙatar ɗaki uku. Otal-otal na Makka da Madina an gina su ne don ayari, akwai ɗaki mai gado uku, mai huɗu, har mai biyar. Mma da maiɗakinka da 'yan mata ɗaki ɗaya, kai da samari ɗaya. Wanda ya fi wannan shi ne gidan haya mai kaya a ciki, wanda Larabawa ke kira shiƙƙa mafrusha: ɗaki biyu, falo, firji da ɗan kicin. Irinsu sun fi yawa a unguwannin bas. Kicin ɗin nan shi ne ainihin ragin, musamman da yake tsofaffinmu ba sa daɗewa suna cin shinkafar Larabawa kafin su fara neman koko da tuwo. Ku riƙe garin koko, garin rogo, shito (miyar barkono) a rufaffen gwangwani cikin babbar jaka, da Milo na yara. Burodi, ƙwai da madara akwai su a kantuna irin Bin Dawood. A otal na yau da kullum an hana girki a ɗaki, butar lantarki kawai ake bari, kada maiɗakinka ta ɓoye risho a jaka.

Na san wani zai ce maka yana da ɗan'uwa a Makka, ku sauka gidansa. A 2025 Saudiyya ta ɗaure bizar Umra da masauki mai lasisi wanda aka yi wa rajista ta manhajar Nusuk. Ku je ku gaisa, ku ci abinci, amma kwana ya kasance inda takardarku ta ce.

Madina ba ta da wannan ciwon kai. Ƙasar a shimfiɗe take, kuma otal na kusa da masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi na kusa da Haramin Makka sauƙi. Nemi ɓangaren arewa na Markaziyya, wato unguwar otal-otal da ke kewaye da masallacin, ya fi kusa da wurin sallar mata. Da ni ne, sai in rage kwanakin Makka in ƙara na Madina. Tsakanin biranen akwai jirgin ƙasan Haramain, kilomita 450 cikin kamar awa biyu da rabi. Bas ya fi araha, amma zaman awa biyar ko shida ba alheri ba ne ga gwiwar Mma.

Yanzu koma wurin ejan ɗinka. Ka ce ya rubuta maka sunan otal ɗin, kada ka yarda da "ko makamancinsa". Sa sunan a Google Maps ka ga mintocin tafiyar ƙafa, ka karanta abin da baƙin kwanan nan suka ce game da lif da bas a Booking.com ko Agoda, ka kwatanta farashi bayan ka shigar da shekarun kowane yaro. Tambaye shi ko harajin kashi 15 cikin 100 na ciki, da ƙarfe nawa ake ba da ɗaki, domin a Makka galibi sai da yamma, jirgi kuma na iya sauke ku Jidda da asuba. Lissafinka ka yi shi da dala: riyal a ɗaure yake da ita, 3.75 kan dala ɗaya, sidi ne ke hawa da sauka. Duk abin da ka biya, ko ta MoMo ne, karɓi rasit mai ɗauke da sunan otal, yawan gadaje da ranakun shiga da fita.